Amsa Ga Yarona Kan Hotunan da Suka Ƙi Fita Tar

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga hotunan kamun da ka ɗauko ranar Juma'a bayan magariba, na kuma karanta tambayarka, inda kake son sanin dalilin da ya sa fuskar amarya da ta ƙawayenta suka yi dishi-dishi alhali ka riƙe kyamarar da kyau, da kuma ko lokaci ya yi da za ka sayar da Canon 600D ɗin da ke hannunka ka cika kuɗi ka sayi babba. Bari in fara sallamar tambaya ta biyu domin amsarta gajeriya ce: kada ka sayar. Gaskiya ne kyamarar ta fito tun 2011, amma hoton da take ɗauka yana da ɗigo 5184 a tsawo da 3456 a faɗi, wato megafiksel 18, kuma wannan ya isa a wanke hoto mai tsawon inci 17 ba tare da ya fashe ba. Da za a ba ka kyamarar miliyoyin naira ka tafi da ita wurin kamun nan da saitin da ka yi amfani da shi, da irin waɗannan hotunan za ka dawo da su.

Kafin ka taɓa kowane maɓalli, ya kamata ka koyi karanta hoton da ya lalace, domin dishi-dishi ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Ka ɗora hoton a kwamfuta ka zuƙo shi har ya kai ainihin girmansa, sannan ka duba da natsuwa. Idan komai ya ja zuwa gefe guda, mutane da bango da kujeru baki ɗaya, to hannunka ne ya motsa. Idan bango da kujeru sun fita garau amma hannun mai rawa da gefen mayafinta sun narke, to mutumin ne ya motsa, kai kana tsaye daidai. Idan kuwa babu alamar ja ko kaɗan, sai dai fuskar ta yi laushi yayin da furen ado da ke bayanta ya fita tar, to fokas ne, wato wurin da kyamara ta zaɓa ya fita tar, ya sauka inda ba ka nufa ba. Allon bayan kyamara ƙarami ne, yana ɓoye aibi, shi ya sa mutum yake baro wurin biki yana murna, sai ya zo shago ya ga abin da ya ɗauko.

Na yi wa hotunanka wannan binciken, kuma galibinsu iri na farko da na biyu ne a haɗe. Bayanan da kyamara take ajiyewa tare da kowane hoto, waɗanda kai ma za ka iya ganin galibinsu idan ka danna maɓallin INFO lokacin da kake duba hoton, sun nuna cewa ka zuƙo gilashin gaban kyamarar, mai milimita 18-55, har ƙarshensa, ƙofar haske, wato kafar da haske yake bi ta cikin gilashi wadda take ƙara buɗewa idan lambarta ta yi ƙasa, tana f/5.6, ka ƙulle ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take ƙarfafa hasken da ta samu, a 200, ita kuma kyamarar, da ta ga haske ya yi ƙaranci kuma ka hana ta kowace hanya, sai ta bar shota a buɗe har kashi ɗaya cikin 15 na sakan. A nan matsalar take, kuma a nan zan fi tsayawa.

Shota labule ne da ke gaban sensa, wato ɗan farantin da hoto yake sauka a kansa a cikin kyamara, yana buɗewa haske ya shiga sannan ya rufe, kuma duk motsin da ya faru tsakanin buɗewarsa da rufewarsa sai ya rubutu a kan hoton, kamar wanda ya buga hatimi a takarda hannunsa ya goce kafin ya ɗaga. Kashi ɗaya cikin 15 na sakan a idon mutum ba komai ba ne, amma a cikinsa bugun zuciyarka da numfashinka da danna maɓallin da ka yi duk sun isa su girgiza kyamara. Ƙa'idar da muka gada ita ce kada saurin shota ya gaza tsawon gilashin da kake aiki da shi, wato gilashi mai milimita 50 yana bukatar aƙalla 1/50. Sai dai an kafa wannan ƙa'ida ne tun zamanin fim mai milimita 35, ita kuwa sensar kyamararka ta fi wancan ƙanƙanta, don haka dole ka ninka lissafin sau 1.6, masu ƙananan Nikon kuma sau 1.5. Ke nan a milimita 55 kada ka sauko ƙasa da 1/100, kuma idan ka ɗauki dogon gilashin nan na 75-300 da ke shago ka zuƙo shi har ƙarshe, kada ka yarda da abin da ya gaza 1/500, musamman da yake shi ba shi da na'urar rage rawar hannu.

Wannan na'urar, wadda Canon suke rubuta wa IS a jikin gilashi, Nikon kuma VR, tana ruɗin masu koyo da yawa, saboda haka ka fahimci iyakarta. Aikinta shi ne ta shanye ƙaramar rawar hannunka, kuma da ita za ka iya ɗaukar gini ko kayan ɗaki a 1/20 ya fita. Amma ba ta da iko a kan mutumin da ke gabanka. Ƙawar amarya da ta juya kanta tana dariya za ta narke a 1/20 ko da a kan dutse ka kafa kyamarar. Don haka lissafi biyu kake yi a kullum, na hannunka da na motsin wanda kake ɗauka, sannan ka bi wanda ya fi sauri a cikinsu. Mutumin da ya tsaya ya shirya yana kallonka, 1/125 ya ishe shi. Wanda yake tafiya, kamar ango yana shigowa da abokansa, ka ba shi 1/250. Masu rawa da yara masu guje-guje suna bukatar 1/500. Dawaki kuwa, idan Allah ya kai mu Sallah ka bi ni Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, za ka ga cewa lokacin da mahaya suka saki linzami suna jahi, abin da ya gaza 1/1000 ba ya tsayar da kofato da ƙurar da yake tayarwa, ni ma na fi son 1/2000 matuƙar rana ba ta yi sanyi ba.

To ina za ka samo hasken da zai ba ka wannan saurin a cikin zauren biki? A nan ne tsoron ISO ya cuce ka. An gaya maka cewa ɗaga ISO yana sa hoto ya yi yashi-yashi, kuma ba ƙarya aka yi maka ba, sai dai ba a gaya maka sauran maganar ba. Duk lokacin da ka ninka ISO sau biyu, ka samu damar ninka saurin shota sau biyu ba tare da hasken hoton ya canja ba. Daga inda ka tsaya, wato 1/15 a ISO 200, da ka koma 400 ka samu 1/30, a 800 ka samu 1/60, a 1600 ka samu 1/125, a 3200 kuma ka kai 1/250, wanda da shi ne fuskokin nan za su tsaya cak. Hoton ISO 3200 a wannan kyamarar yana da yashi, ba na musun haka, amma yashin nan ana rage shi a kwamfuta, kuma idan aka wanke hoton a girman inci 5 da 7 na albam da wuya mai biki ta lura da shi. Hoton da ya yi rawa kuwa babu manhajar da za ta dawo maka da ƙwayar idon da ba a ɗauka ba tun farko. A ganina mai koyo ya saki jiki da ISO 1600 a cikin ɗaki ba tare da fargaba ba, ya hau 3200 idan ta kama, ya bar 6400 don ranar da babu makawa.

Hanya mafi sauƙi da za ka kama ragamar wannan al'amari ita ce ka daina barin majuyin saman kyamara a kan P ko koren akwatin nan, inda kyamara ce take zaɓar maka saurin shota. Idan motsi ne abin damuwarka, ka juya shi zuwa Tv, wanda a Nikon S ne, ka zaɓi saurin shota da kanka, ka bar ISO a AUTO bayan ka shiga menu ka ƙayyade masa iyakar 3200. Idan kuma ka fi son Av, inda kai ne mai zaɓen ƙofar haske, to wajibi ne idonka ya riƙa sauka kan lambar shota da ke ƙasan kafar leƙawa kafin kowane dannawa, domin a can ne take zamewa ƙasa ba tare da ta yi maka sallama ba, musamman a wannan ɗan tsakanin na la'asar sakaliya zuwa magariba da haske yake raguwa ido bai ankara ba.

Akwai wani abu game da fitilun zauren biki da ba kowa yake faɗa wa yaransa ba. Wutar lantarkinmu tana kai-komo sau 50 a sakan, wanda yake sa dogayen ƙwayayen nan farare da wasu fitilun LED masu araha su riƙa ƙyaftawa sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Idan ka wuce 1/100 a ƙarƙashin irin wannan fitila, za ka iya ɗaukar hoto biyu a jere ɗaya ya fito da haske ɗaya da duhu, ko rabin hoto ya yi kore-kore. Idan ka ga haka ba kyamararka ce ta lalace ba. Ko dai ka koma 1/100 ka jira lokacin da mutane suka ɗan tsaya, ko kuma ka kawo naka hasken.

Naka hasken shi ne filasha, kuma a wurin biki na dare ita ce ainihin maganin motsi, domin walƙiyarta, idan ba da cikakken ƙarfi ta tashi ba, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma idan ita ce hasken da ya rinjaya a kan fuska, to wannan gajeren lokacin ne yake zana hoton, ba shota ba. Ƙaramar filashar da ke kan kyamararka ba ta da ƙarfi, a ISO 100 da f/5.6 ba ta wuce mita biyu da 'yan kai, a ISO 400 kuma ta ninka hakan, sannan tana daskarar da fuska tana fito da maiƙon goshi. Ka ɗauki babbar ta shago ka ɗora, ka ɗaga kanta sama idan silin fari ne kuma ba shi da nisa, haske ya bugi silin ya sauko a hankali. Ka sa majuyin kyamarar a M, inda kai ne mai zaɓen komai, shota 1/125, ƙofa f/5.6, ISO 800, ka gwada ɗaya ka gyara daga nan. Kada ka wuce 1/200, domin nan ne iyakar saurin da shotar wannan kyamara take iya tafiya tare da filasha ta yau da kullum.

Sai maganar fokas, wadda ita ce ta ɓata sauran hotunan, ciki har da wanda aka ɗauki amarya tana zaune hannun wata mai liƙi ya fita tar a gabanta ita kuma ta yi hazo. Kyamararka tana da ɗigon fokas guda tara, kuma idan ka bar mata zaɓi, abin da ya fi kusa da ita take kamawa, ko hannu ne ko kafaɗar wani ko kwalbar ruwa. Ka zaɓi ɗigo ɗaya da kanka, kuma a wurin da haske ya yi ƙaranci ka zaɓi na tsakiya, domin shi kaɗai ne a cikin taran yake gane layi a tsaye da kuma a kwance. Ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai, ka danna maɓalli rabi har ya kama, sannan ka ƙarasa. Mai kallon hoto ido yake fara nema, idan ido ya fita zai yafe wa kunne da ɗankwali, idan bai fita ba kuwa kyan aikin wuyan riga ba zai ceci hoton ba. Ka sani kuma cewa fokas yana neman inda haske da duhu suka haɗu ne, shi ya sa idan ka ɗora shi a kan farar shadda inda babu aiki sai gilashin ya yi ta kai da kawowa, alhali da ka matsa shi zuwa ido ko bakin hula da nan take ya kama. Ga wanda yake tsaye ka bar saitin fokas a One Shot. Ga wanda yake tahowa gare ka, ko doki ko amarya da ake rakowa, ka koma AI Servo, wanda yake ci gaba da gyara fokas, ka riƙe maɓallin rabi kana bin sa, domin One Shot yana ƙulle nisan ne a inda mutumin yake a dā, kafin ka ƙarasa dannawa ya riga ya bar wurin.

Idan akwai abin da zan ce ka kashe wa kuɗi, to ƙaramin gilashin nan ne na milimita 50 mai f/1.8, wanda yake cikin mafi araha a gilasan Canon. A f/2 yana shigo da haske ninki takwas na abin da gilashinka yake shigowa da shi a f/5.6, ma'ana a zauren da ka samu 1/15 da ka samu 1/125 ba tare da ka taɓa ISO ba. Amma yana da nasa tarkon, kuma na ga yara da yawa sun faɗa ciki saboda son bayan hoto ya narke. Gwargwadon buɗe ƙofar haske, gwargwadon ƙuntatar yankin da yake fita tar. A f/1.8, idan kana nisan mita ɗaya da rabi daga mutum, abin da zai fita bai wuce zurfin santimita 6 ba, don haka idan ka kama fokas sannan kai ko shi wani ya ɗan yi gaba, ido ya fita daga ciki. A irin wannan buɗewar, dabarar nan ta kama fokas da ɗigon tsakiya sannan a karkata kyamara don gyara tsarin hoto ita ma tana iya gusar da shi, gara ka zaɓi ɗigon da ya fi kusa da idon. Ni ga mutum ɗaya na fi son f/2.5 ko f/2.8, ga mutum biyu f/4, ga hoton dangi mai layi biyu ko uku kuma f/8, in ɗora fokas a kan layin gaba ko na biyu, in ja da baya kaɗan. Kusan kowane gilashi ya fi kaifi idan aka ɗan rufe shi daga iyakar buɗewarsa, shi ya sa 18-55 ɗinka da kake rainawa yake ba da mamaki a f/8 da rana. Kada kuma ka zarce zuwa f/22 da zaton ƙarin rufewa ƙarin kaifi ne, domin daga wajen f/16 haske yakan fara bazuwa a gefen ƙaramar kafar, hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ƙurar da ke kan sensa kuma ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama.

Riƙon kyamara ba saiti ba ne, amma na lura da yadda kake miƙa hannuwa kana kallon allo kamar mai ɗauka da waya, kuma wannan yana cinye duk ribar da saiti ya ba ka. Ka sa tafin hagu a ƙarƙashin gilashi, ka manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari, ka jingina kyamarar da girarka, ka ware ƙafafu kaɗan, sannan ka matsa maɓallin a hankali maimakon ka soke shi. Idan haske ya gaza, ka jingina da bango ka ɗauki uku a jere, galibi na tsakiyan ya fi fita. Kayan lefe da kayan talla da ba sa motsi kuwa, ka kafa kyamarar a kan mai ƙafa uku, ka kashe IS, ka koma ISO 100, ka sa ta jira sakan biyu bayan ka danna.

Wani laushin kuma daga yanayinmu yake, ba daga saiti ba. A lokacin hunturu hazo yana cika iska, kuma duk abin da ka zuƙo daga nesa sai ya fito fari-fari babu kaifi, haka nan da tsakar ranar bazara zafin da ke tashi daga kwalta yana karkaɗa hoton dogon gilashi, maganin duka biyun shi ne ka taka da ƙafarka ka matsa kusa. Ƙurar da ta kwanta a kan gilashi ka fara hure ta da robar hura iska kafin ka goge da ƙyallen tabarau, kada ka sa bakin riga, domin ƙurar nan tana da ɓarɓashin yashi mai karce gilashi. Shatin yatsa mai man shafawa ya fi ƙura illa, yana sa kowace fitila ta yi gizo. Filtar nan mai araha da ake ɗaurawa a bakin gilashi, wadda aka haɗa maka da ita lokacin saye, ka cire ta da dare ka kwatanta da kanka. Ka kuma kiyaye da fararen kaya: idan angwaye suka cika hoto da farar shadda, ma'aunin hasken kyamara yakan rage haske, fuskoki su yi duhu, kuma fuskar da aka ɗago daga duhu a kwamfuta yashi take yi ta rasa kaifinta. Ka ƙara haske da kashi biyu cikin uku na mataki (mataki guda shi ne ninka haske sau biyu) tun a wurin ɗauka, kana lura kada aikin rigar ya ƙone, kuma aikin da yake da muhimmanci ka ɗauke shi a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da ya fi ba da damar gyara a kwamfuta.

Hotunan da ka turo mini ma sai da na sa ka sake turowa, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage girmansa idan aka tura shi kai tsaye. Ka riƙa tura wa masu biki da masu wanki a matsayin fayil, ka kuma tabbata ingancin hoto a menu yana kan babban L, ba matsakaicin M ko ƙaramin S da wasu suke komawa don katin ajiya ya daɗe bai cika ba.

Ranar Asabar da safe ka zo shago da wuri kafin masu fasfo su fara zuwa. Za mu manna shafin jarida a bango, ka tsaya mita biyu daga gare shi a milimita 55 da IS a kashe, ka ɗauke shi a 1/15 da 1/30 da 1/60 da 1/125, biyar-biyar kowanne, sannan ka kunna IS ka maimaita, mu ɗora su a kwamfuta mu ga daga inda rubutun yake fara karantuwa a hannunka, domin kowane mai hoto da iyakar nasa hannun. Daga nan sai mu fita bakin titi ka gwada AI Servo a kan masu Keke Napep da ke tahowa, daga 1/250 zuwa 1/1000. Ka cika batir tun daren Juma'a, ka zo da katin da babu aikin kowa a kansa.